Abin da za ka duba kafin ka biya kuɗin motar hannu

Motar hannu iri biyu ce a kasuwanninmu. Akwai wadda aka shigo da ita daga waje ba a taɓa yi mata lamba a nan ba, wadda ake ce wa 'yar Kwatano, Beljiyam ko tokumbo. Akwai kuma wadda ta riga ta sha titunan gida. Kowacce da irin ciwon da take ɓoyewa. Ta waje galibi matsalarta haɗarin da aka gyara ne, ko ambaliya, ko tsatsa, ko takardun kwastan. Ta gida kuwa matsalarta hannun makanikai ne: wayoyin da aka yanke aka ɗaure da salatif, kayan asali da aka cire aka sa na jabu, injin da ya sha oba-hitin. Mai sayarwa ya riga ya gyara duk inda ido zai fara sauka, an wanke, an goge, an fesa turare. Kai kuma aikinka shi ne ka bi wuraren da wanki da fenti ba sa kaiwa.

Ka je da rana, kada ka yarda da dubawa bayan magariba ko a cikin rumfa mai duhu, kada kuma ka duba mota jiƙe, domin ruwa yana ɓoye bambancin fenti. Ka tafi da bakanikenka, ba wanda dillali ya kawo ba, ka kuma yanke masa kuɗin aikinsa tun kafin ku tashi, a saya ko kada a saya. Bakaniken da ke jiran la'ada daga mai mota ba zai ga aibi ba. Ku riƙe tocila, ƙaramin maganaɗisu, farin ƙyalle, mitar awon wuta, da kwamfutar duba mota ta OBD2. Sharaɗi ɗaya za ka kafa tun a waya: kada a tayar da motar kafin ka iso.

Takardu da lambar shasi

Da takardu ake farawa, domin motar da takardunta ba su cika ba, lafiyar injinta ba za ta amfane ka da komai ba ranar da aka tsare ka a hanya. A farkon 2017 gwamnatin Najeriya ta hana shigo da motoci ta iyakokin kan tudu, kuma motoci da yawa sun shigo ta ɓarauniyar hanya da takardun bogi ko da kuɗin fito da ba a biya cikakke ba. Ka karɓi kwafin takardar kwastan, ka kai ofishin kwastan da kanka a tantance lambarta da shekarar da aka biya da tashar da motar ta fito. Idan mai mota ya ce takardar ta ɓata, ko "sai an biya za a kawo", ka haƙura da motar. Wadda aka yi wa lamba a gida kuma ka nemi shaidar mallaka, lasisin mota, takardar lafiyar mota ta VIO da inshora, ka duba lambar motar a rajistar hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC ka ga ko irin motar da launinta sun dace, sannan ka bincika wurin 'yan sanda ko an taɓa kai rahoton satarta. Sunan da ke kan takarda ya zama na wanda zai karɓi kuɗinka, ko kuma a nuna maka takardar cinikin da ta haɗa su.

Lambar shasi, wato VIN, haruffa da lambobi 17 ce, kuma babu I, O ko Q a cikinta. Ana samunta a ƙasan gilashin gaba ɓangaren direba, da jikin sitikar da ke ginshiƙin ƙofar direba, sannan an buga ta a jikin ƙarfen motar, ko a bangon da ke bayan inji ko a ƙasa kusa da kujerar gaba. Duka su zo ɗaya da ta takarda, harafi da harafi. Ka shafa wadda aka buga a ƙarfe da yatsa. Idan akwai alamar walda, goge-goge ko sabon fenti a kewayenta, an taɓa ta, kuma babu dalilin kirki da zai sa a taɓa wurin.

Lambar tana gaya maka abin da dillali ba zai faɗa ba. Harafin farko ƙasar da aka ƙera motar ne: J Japan, 1, 4 ko 5 Amurka, 2 Kanada, W Jamus, K Koriya. A motocin da aka yi don kasuwar Amurka da Kanada, na goma shi ne shekarar motar: 1 zuwa 9 suna nufin 2001 zuwa 2009, A 2010, B 2011, C 2012, D 2013, E 2014, F 2015, a haka har gaba. Wannan yana da muhimmanci saboda yadda ake sauya wa mota fuska: a ɗauki Lexus RX 350 ta 2010 a sa mata bamba, fitilu da giril na 2015, a nemi kuɗin ta 2015. Fuska tana canzawa, na goma a lambar shasi ba ya canzawa. Idan motar daga Amurka ta fito, ka rubuta lambar a Google. Sau da yawa hotunanta za su fito daga gidajen gwanjo irin su Copart da IAAI, ka gan ta yadda take ranar da kamfanin inshora ya sallama ta, da adadin tafiyar da ta yi a lokacin. Akwai kuma rahoton tarihin mota na Carfax ko AutoCheck, amma na kuɗi ne.

Bodi da shasi

A nan ya kamata ka fi daɗewa. Inji ana saukewa a sa wani, giya ma haka, amma shasin da ya lanƙwashe aka miƙe shi da wuta ba ya komawa yadda kamfani ya yi shi. Motar za ta riƙa cin taya, tana ja gefe, kuma ranar da aka sake yin karo ƙarfen ba zai kare na ciki ba.

Ka tsuguna a kusurwar gaba ka kalli gefen motar a tsaye har baya. Fentin kamfani sumul yake, hoton da ke cikinsa ba ya karyewa. Inda aka yi aikin fanel-bita za ka ga hoton yana rawa. Ka bi tazarar da ke tsakanin ƙofa da fenda, bonet da fenda, but da gefensa, da ɗan yatsa: dama da hagu su zo daidai. Ka naɗe maganaɗisu a ƙyalle ka bi ƙasan ƙofofi, saman tayoyi da ginshiƙai. Inda ya ƙi kamawa an cika wurin da fila. Ka tuna bamba roba ce, wasu bonet kuma na alminiyom ne, ba za su kama ba ko da lafiyarsu ƙalau. Ka ɗaga robar bakin ƙofa da ta gilashi, ka duba ko fenti ya fantsama a kanta. Kamfani yana fenti ne kafin a sa roba.

Buɗe bonet ka kalli kan notocin da suka riƙe fenda da bonet ɗin kansa. Idan fentin kan noti ya kankare, sifana ta taɓa shi, an cire wannan ɓangaren. Yawancin Toyota da Honda na Amurka suna da ƙananan sitiku masu lambar shasi a jikin kowace ƙofa, bonet, fenda da but. Ɓangaren da babu sitika, ko lambarsa ta bambanta, canji ne. Canza fenda ko ƙofa ba abin gudu ba ne, abin rage kuɗi ne. Abin gudu yana can ciki: ka haska tocila kan dogayen ƙarafa biyu da suka taso daga bayan bambar gaba suka bi gefen inji. Su kasance miƙaƙƙu, babu tattara, babu walda, babu sabon baƙin fenti. Waldar kamfani ɗigo-ɗigo ce masu zagaye, jere da tazara ɗaya. Ta gareji doguwa ce mai ƙuraje. Ka yi irin wannan dubawar a but: ka fitar da safaya taya, ka ɗaga kafet, ka kalli ramin. Nan ne bugun baya yake barin shaida.

Sai ambaliya. Bayan guguwar Harvey da ta nutsar da birnin Houston a 2017 motoci masu yawa sun shiga gwanjo, kuma irin wannan yana faruwa duk lokacin da aka yi babbar guguwa a Amurka. A gida ma, ambaliyar Maiduguri ta Satumban 2024 ta shanye motoci har rufi. Motar da ta sha ruwa kyan ɗan maciji gare ta: tana tashi, tana tafiya, bayan wata biyu ko uku sai wutarta ta fara hauka, yau gilashi, gobe giya, jibi ƙwaƙwalwar motar, saboda tsatsa tana cin soket-soket a hankali. Ka jawo bel ɗin kujera har ƙarshensa ka ga ko akwai layin laka ko tabon ruwa. Ka haska ƙarƙashin kujeru ka duba dogon da suke tafiya a kai, da notocin ƙasan dashbod. Waɗannan wurare ba sa tsatsa sai ruwa ya kwanta. Ka cusa hannu ƙarƙashin kafet, ka buɗe akwatin fis ka zare soket ɗaya ko biyu: kore-kore ko farin gari a bakin waya shaida ce. Sabon kafet a tsohuwar mota, da turaren da ya yi yawa, su sa ka ƙara bincike.

Motocin Kanada da arewacin Amurka kuma gishirin da ake zubawa a titi lokacin ƙanƙara yana cinye ƙasansu. A hau da motar kan rami, a ƙwanƙwasa shasi da bakin sukurdireba. Tsatsar sama-sama ba komai, amma inda ƙarfe yake ɓarewa ko sukurdireba ya shige, magana ta ƙare. Ka lura kuma da motar da aka juya wa sitiyari daga dama zuwa hagu, irin waɗanda aka yi don Japan ko Ingila: za ka ga faci da walda a bangon bayan inji ta dama, dashbod bai zauna daidai ba, wani lokaci wayifa tana share ɓangaren fasinja fiye da na direba. Sitiyari da birki ne aka yanke aka sake haɗawa, ba wurin gwaji ba ne.

Inji, tun yana sanyi

Kafin a murɗa makulli ka ɗora hannu a kan inji. Idan da ɗumi, an tayar da shi don a ɓoye wahalar tashi, ƙara ko hayaƙi. Ka ce za ka dawo gobe da safe. Zare gejin baƙin mai ka goge a farin ƙyalle. Baƙi ba laifi ba ne. Abin da kake nema shi ne ƙyalƙyalin garin ƙarfe, ko mai da ya yi kauri yana jan zare, alamar an zuba masa abin kauri don a kashe ƙara da hayaƙi. Buɗe murfin da ake zuba mai ka leƙa da tocila: baƙin dasƙararren datti yana nufin ba a yi wa motar juye a kan lokaci ba, fari-fari mai kauri a murfin da geji kuma ruwa ne ya haɗu da mai, galibi tof-gasket ya ƙone.

Buɗe murfin lagireto, amma sai inji yana sanyi. Mai zafi zai watsa maka tafasasshen ruwa a fuska. Ruwan ya zama mai launi, kamar kore, ja ko ruwan hoda, ba ruwan famfo mai tsatsa ba, kuma kada mai ya taso a samansa. A bar murfin a buɗe a tayar da motar na ɗan lokaci: kumfa da ke ta tasowa ba tsayawa tana nuna iskar silinda tana shiga hanyar ruwa.

Murɗa makulli zuwa inda fitilun dashbod suke kamawa, kada ka tayar. Fitilar inji, ta baƙin mai, ta batir, ta ABS da ta jakar iska duk su kama, sannan su mutu bayan an tayar. Wadda ba ta kama ba tun farko, an cire ƙwanta ko an rufe ta. A wannan lokacin ka saurari fankar lagireto: idan ta kama nan take alhali inji da sanyi kuma esi a kashe, an haɗa ta kai tsaye, abin da ake yi wa motar da ta saba oba-hitin. Irin wannan motar galibi an cire mata tamostat ma, wato abin da ke daidaita zafin inji, za ka ga allurar zafi ba ta kai tsakiya ko an yi tafiya. Injin da ba ya kai zafin aikinsa yana shan mai kuma yana saurin lalacewa.

A tayar, kai kana tsaye a bayan motar. Shuɗin hayaƙi baƙin mai ne yake ƙonewa, ringi ko robobin bawul sun gaji. Fari mai kauri da ba ya yankewa ruwa ne. Baƙi kuma fetur ne ya yi yawa, matsalar injekta ko sensa, wannan ya fi sauƙin gyara. Siririn tururi da safiyar hunturu wanda ke ɓacewa bayan minti kaɗan ba komai ba ne. Fitilar baƙin mai ta mutu cikin daƙiƙa ɗaya zuwa biyu. Ƙara mai nauyi daga ƙasan inji, ƙwal-ƙwal da ke ƙaruwa in an taka totur, metal ne, wato boris ɗin cikin inji, injin yana hanyar bugawa. In ya yi zafi silo, wato juyin inji ba a taka totur ba, ya zauna tsakanin 600 da 900 a minti ba tare da kakkarwa ba. A buɗe murfin mai a hankali yana aiki: ɗan numfashi daidai ne, amma hayaƙi yana bulbulowa ringi ne. Batir ya nuna kusan bolt 12.4 zuwa 12.6 a kashe, 13.5 zuwa 14.5 in inji yana aiki. Ƙasa da haka altaneta ba ta caji.

Injin da aka wanke tas ba ya nuna yoyo, saboda haka ka sake duba shi bayan kun dawo daga gwaji, ka kuma ajiye motar a kan busasshen siminti na minti goma ka ga abin da zai ɗiga. Tana kan rami ka duba salansa, wurin tukunyar tace hayaƙi da makanikai ke kira indomi. Ana fasa ta a kwashe cikinta saboda ƙarafa masu tsada da ke ciki, a mayar a yi walda. Sabuwar walda a jikin tukunyar ita ce shaida. In an sa kwamfuta, kada ka tsaya a kan "babu kod", wato ba ta nuna lambar wata matsala ba. Ka ce a buɗe shafin da ke nuna ko motar ta kammala gwaje-gwajen kanta. Idan da yawa suna nuna ba su shirya ba, kwanan nan aka goge kod ɗin ko aka cire batir. A sake sa kwamfutar bayan tafiya.

Adadin tafiyar da ke dashbod kada ka dogara da shi, ana mayar da shi baya. Ka gwada shi da robar fedal ɗin birki, fatar sitiyari da gefen kujerar direba. Motocin Amurka da mil suke ƙirga, mil ɗaya kuma kilomita 1.6 ne, wato mil 150,000 kilomita 240,000 ke nan.

Gwajin hanya

Zagayen layi ɗaya ba gwaji ba ne. Ka nemi minti 20 zuwa 30, a haɗa da titi mai kyau inda za a kai kilomita 80 zuwa 100, da hanya mai gargada, da cunkoso. A kashe rediyo. A giya mai sarrafa kanta, taka birki ka sa D, ka dawo N, ka sa R: ta shiga cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu ba tare da duka ba. A tafiya, idan inji ya yi ihu allura ta hau amma gudu bai ƙaru ba, giyar tana zamewa. Wasu sai sun yi zafi suke nuna hali, shi ya sa gajeren gwaji ba ya kama su. Man giya, a motar da ke da gejinsa, ja ne ko ja mai duhu. Baƙi mai warin ƙuna yana nufin faifan ciki sun ƙone. A giyar hannu, kulocin da ba ya kamawa sai ƙafa ta kusa sauka daga kansa gaba ɗaya ya kusa ƙarewa.

A fili ka murɗa sitiyari har ƙarshe ka zagaya a hankali, dama sannan hagu: ƙas-ƙas-ƙas shaf ne. Gurnani da ke ƙaruwa da gudu boris ɗin taya ne. Ƙwanƙwasa a gargada bol-joyin ne, tayarod, bushin ko shokazoba. A miƙaƙƙen titi ka sassauta riƙon sitiyari ka ga ko tana ja gefe, ka taka birki da ƙarfi inda babu kowa a bayanka: kada ta karkace, kada fedal ya yi rawa ko ya nutse a hankali. Ka bar ta a silo da esi a kunne na minti goma bayan tafiyar, idonka a kan allurar zafi. Idan esi ba ya sanyi aka ce maka "gas ne kawai", ka sani gas ba ya ƙarewa sai da yoyo, kuma in yoyon yana cikin dashbod sai an sauke shi gaba ɗaya. Ka ce a cika a gabanka, ko a rage kuɗin gyaran duka.

Kowace taya tana da lambobi huɗu a ƙarshen rubutun DOT: 2319 na nufin mako na 23 na 2019. Wadda ta haura shekara biyar zuwa shida ka lissafa ta a cikin abin da za ka saya, ko da zanenta bai cinye ba. Cin gefe ɗaya yana nuna matsalar alaimen, ko shasi. Gilasai, makullan ƙofa, fitilu, hon da wayifa, a gwada su ɗaya bayan ɗaya.

Wasu motocin an san inda suke ciwo. Camry ta 2007 zuwa 2009 mai injin 2.4 ta yi suna wajen shan baƙin mai, a matsa wajen duba hayaƙi da filogi. Honda Accord ta 2003 zuwa 2007 a ɗaga gabanta a girgiza taya a duba bol-joyin na ƙasa, domin shi ne yake ficewa taya ta kwanta, mai V6 kuma a daɗe ana gwada giyarta. Peugeot 406 mai giya mai sarrafa kanta ta AL4 tana son gwaji mai tsawo har ta yi zafi sosai. Injin da ke aiki da taimin-bel, kamar V6 na Honda da injin 406, idan babu shaidar ranar da aka canza bel ɗin, ka ɗauka ba a canza ba, ka sa kuɗinsa a lissafi, domin in ya tsinke a tafiya bawul da fistin suna haɗuwa.

Ciniki da biya

Ka rubuta duk abin da aka gano, ka tambayi farashin kayan a kasuwar kayan gyara da kuɗin aiki, da wannan takardar za ka yi ciniki. Taya, batir, shokazoba, birki da fenti abin ragi ne. Takardun da ba su tantance ba, lambar shasin da aka taɓa, shasin da aka yi wa walda, ambaliya, ruwa a cikin mai da giyar da ke zamewa kuwa ba a ciniki a kansu, ko nawa aka sauke. Kada ka ba da kafin alƙalami don an ce wani yana hanya da kuɗi.

Ka biya ta banki zuwa asusun mai sunan da ke kan takarda. A rubuta yarjejeniya mai ɗauke da lambar shasi, lambar inji, lambar mota, kuɗin da aka biya, kwanan wata, da sa hannun shaidu biyu, a haɗa da kwafin katin shaidar mai sayarwa. Ka karɓi takardun asali da makullai biyu a wurin, ka gwada kowanne ya tayar da motar, domin makulli mai cif yana da tsadar yankawa. Ka fara canjin mallaka a makon, kuma kafin doguwar tafiya ta farko a juye baƙin mai da filta, a zuba ruwan lagireto na gaskiya, a mayar da tamostat da haɗin fanka yadda kamfani ya yi su idan an taɓa.